Ɗiyan karkara da aikin jirgin sama

Ina gaida masu karatun yaƙi da jahilci, maza da mata, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da waɗanda suka kewaye akwatin rediyo a dandali, da waɗanda za su karanta wannan magana bayan an buga ta a takarda.

Yau zancen jirgin sama za mu yi. Na san wani zai ce, mushe, mi ya haɗa mu da jirgin sama, mu da jakinmu da amalankenmu? Ku ba ni kunne tukuna.

Da bazara, lokacin da ake kwana a tsakar gida, idan dare ya raba kuka ɗaga kai, za ku ga wata fitila tana tafiya cikin taurari tana ƙiftawa. Jirgi ne. Da yawa daga cikinsu ba nan za su sauka ba. Daga Turai suka taso, za su ƙasashen kudu, ko kuwa daga can suke komawa, samaniyarmu ce hanyarsu. Tsakaninsu da ƙasa akwai kilomita 10 zuwa 12. Matuƙin da ke ciki ba ya tafiya yadda ya ga dama. Akwai wani mutum zaune a ƙasa, cikin ɗaki, da abin magana a kunnensa, shi ne ke ce mashi hau, sauko, karkata dama, jira. Babban yanki na samaniyar ƙasarmu, har da wani ɓangare na ta maƙwabta, daga Yamai ake ba jirage hanya a cikinsa. Mai wannan aiki ɗan wani ne, ko ɗiyar wani. Tambayata ta yau ita ce: don mi ba zai zama ɗanka ba, kai manomin Dakwaro, ko ɗiyarki, ke mai ƙuli-ƙuli ta Magarya?

Bari in fara nuna maku nauyin aikin. Masu allo a hannu, ga lissafi. Babban jirgi yana gudun kilomita 900 cikin awa guda. Idan jirage 2 suka fuskanci juna, kowanne da wannan gudu, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da kilomita 1800 cikin awa. Ku raba da 60. Kilomita 30 ke nan cikin minti guda, wato abin da ya fi nisan Damagaram zuwa Mirya. Kafin ka kai ƙwarya baki ka aje, sun haɗu. Saboda haka mai ba jirage hanya yana raba su, wannan a sama, wancan a ƙasa, da tazarar mita 300 ko fiye, kuma ba shi da izinin yin gyangyaɗi ko mantuwa. Aiki ne na mai natsuwa, mai riƙe abu biyar a kai lokaci guda. Yarinyar da ke kiwon awaki talatin, ta san wadda ta ratse ba tare da ta ƙirga ba, tana da irin wannan kai. Abin da ya rage mata karatu ne.

Mu a ƙauye, idan aka ce aikin jirgi, matuƙi kaɗai muke gani. Alhali kafin jirgi ɗaya ya tashi, mutane da yawa sun yi aiki a ƙasa. Akwai masu duban yanayi. Su ne ke auna iska da zafi, su saki balan-balan mai ɗauke da na'ura ta hau sama ta aiko masu da labari. Da hunturu su ne ke faɗin nisan da ido ke iya gani cikin hazo, don matuƙi ya san ko zai iya sauka Damagaram ko ya juya. Da damina su ne ke nuna inda hadari ya yi gini, don akwai hadarin da ko babban jirgi ba ya shiga cikinsa. A watan Afrilu da Mayu, idan zafi ya kai 45, iska takan rage kauri, jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga, wani lokaci sai an rage mashi kaya. Wannan ilimi na yanayi shi ne kuma ke gaya wa manomi ko damina za ta faɗi da wuri. Akwai masu gyaran rediyo da radar da fitilun filin jirgi. Akwai masu kashe gobara, waɗanda ke tsaye da motocinsu duk lokacin da jirgi zai sauka. Akwai makanikai. Makanikin jirgi ba ya ɗaure ƙusa ɗaya sai ya duba littafi ya ga yadda aka ce a ɗaure ta, in ya gama ya rubuta, ya sa hannu. Muna da samari a Tasawa da Madawa waɗanda ke gane ciwon babur da kunne kawai. Basira ba ta ƙaranta gare su ba. Littafin ne ya raba su da jirgi.

To, ina ake koyon waɗannan ayyuka? Nan ne abin mamaki yake. Ranar 12 ga Disamba 1959, wata takwas kafin ƙasarmu ta sami mulkin kai, aka kafa wata hukuma a birnin Sanluwi na Senegal, mai suna ASECNA, don ƙasashen Afirka su haɗa kai wajen tsaron zirga-zirgar jirage. Cibiyarta tana Dakar. Tana da makarantu uku: ɗaya a Dakar, ɗaya a Duwala ta Kamaru inda ake koyon kashe gobara, ɗaya kuma, wadda ake kira EAMAC, an buɗe ta a 1963, kuma ba a ko'ina take ba sai cikin birnin Yamai. A nan ake horar da masu ba jirage hanya, da masu duban yanayi, da masu gyaran na'urori, da injiniyoyi. Sama da shekara 60 ke nan ɗiyan Senegal da Mali da Togo da Cadi da Gabon, har da na Madagaska can cikin teku, suna zuwa ƙasarmu su sha zafinmu, su koyi aiki, su koma gida da sana'a. Mu kuwa, a ƙauyuka da yawa ko sunan makarantar ba a taɓa ji ba. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Ba da roƙo ake shiga wannan makaranta ba, ba kuma da gaisuwa ba. Jarrabawa ake yi ta gasa. Wasu rassan suna karɓar mai bakaloreya ta fannin kimiyya, wasu sai wanda ya ƙara karatun jami'a a kai. Ana gwada lissafi da fizik da Faransanci da Ingilishi, kuma akwai iyakar shekarun haifuwa. Dokar ɗaya ce ga ɗan minista da ɗan mai kiwon raƙumi. Amma ku duba garinku da kyau. Cikin mutum 10 na ƙasar nan, sama da 8 a karkara suke. Mutum nawa kuka sani daga ƙauyenku da ya taɓa zama wannan jarrabawa, ban ce wanda ya ci ba? Ɗan ma'aikaci a birni ya ji labarinta tun yana ƙarami, a bakin kawunsa ko maƙwabcinsa. Ɗan ƙauye ba a Yamai ake kayar da shi ba. Tun a gida aka rufe mashi ƙofa, da kaɗan da kaɗan, kuma sau da yawa mu iyaye ne muka tura ƙyauren ba mu sani ba.

Abin yana farawa tun ranar suna. An yanka rago, an raba goro, an ci tuwo, amma ba wanda ya je ya sa aka rubuta jaririn aka karɓo takardar haifuwa, alhali kuwa kyauta ake rubutawa idan an je cikin wa'adi. Yaro ya kai aji shida, mushe ya nemi takarda, sai a ruga wurin alƙali a samo wadda ake bayarwa a madadinta. Wajen yin ta sai a kintaci shekara. Wani uban ma yakan yi takarda biyu, ɗaya don a rage wa yaro shekaru. Can gaba, lokacin da za a haɗa takardun jarrabawa, sai a tarar wannan ta ce Mahamadu, waccan ta ce Mamman, wannan ta ce watan Maris, waccan ta ce Janairu. A aikin jirgi ba a wasa da takarda. Mutanen da ke rubuta ƙusa guda a littafi ba za su karɓi yaro mai ranar haifuwa biyu ba. Ku da kuka fara gane baƙaƙe, wannan aiki naku ne: ku ɗauko takardun ɗiyanku ku karanta da kanku, harafi bayan harafi, ku ga ko sunan da ke takardar haifuwa shi ne ke littafin lakkwal. In akwai saɓani, gyaran yana da sauƙi yau, yana da wuya bayan shekara goma.

Haka batun lafiya. Matuƙi da mai ba jirage hanya duka sai likita ya duba idonsu da kunnensu, ya kuma riƙa sake dubawa muddin suna aiki. Sa tabarau ba ya hana aikin, idan da shi mutum yana gani sosai. Abin da ke hanawa shi ne kunnen da ya yi ta zubar da ruwa tun yaro yana goye aka bar shi har ya toshe, ko sanƙarau da ya bar kurumta don ba a kai yaro allurar rigakafi ba, ko ciwon idon da aka yi ta ɗura wa magungunan kasuwa. Ana kuma gwada ko mutum yana bambanta ja da tsanwa, don fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama tsanwa ce, da su ake gane inda jirgi ya dosa cikin dare. Rashin bambanta launi haifuwa ake yi da shi, ba laifin kowa ba ne. Amma ga wani abu da ya kamata iyayen ƴan mata su ji: wannan matsala ta fi kama maza nesa ba kusa ba, da wuya a same ta ga mace.

Sai yaro ya gama firamare a tura shi kwaleji. Nan ne muke zubar da mafi yawan ɗiyanmu, kamar hatsin da ke zuba daga ɓulallen buhu tun daga gona har gida. Kwalejin tana wani gari. Sai an nemi mai masauki. Mai masaukin shi ma talaka ne, da nasa bakuna. Yaro ya tafi aji da yunwa, ya dawo ba fitilar karatu. Idan yarinya ce, sai ta zama ita ce mai daka da ɗiban ruwa da reno, ta yi barci a aji, ta faɗi jarrabawa, a koro ta, a ce dama mace ba ta da kan karatu. Ba kanta ba ne ya gaza. Uban da ya kai ɗansa gidan wani, ya kamata ya bi shi da hatsi, da ɗan kuɗin cefane, ya kuma leƙa ko sau ɗaya a wata ya tambayi yaron da mushensa yadda ake ciki. Garuruwan da ke da yara biyar ko shida a kwaleji ɗaya suna iya haɗa kai su kama masu ɗaki, su sa wata dattijiya daga cikinsu ta zauna da su tana yi masu tuwo. Bai fi ƙarfin ƙungiyar iyaye ba, bai fi ƙarfin asusun mata ba.

Zancen ƴan mata kuwa sai mun ɗan daɗe a kansa. Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2012 ya nuna cewa cikin ƴan mata 4, 3 an yi masu aure kafin su cika shekara 18. Shekara 18 kuwa ita ce lokacin da ɗalibi ke dosar bakaloreya. Kun ga ke nan kafin a zo bakin ƙofar makarantar jirgi, yawancin ɗiyanmu mata an riga an fitar da su daga layi. A watan Disamba 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare ɗiya mace mai karatu, kuma a 2021 aka buɗe gidan kwanan ƴan mata ƴan kwaleji a Kelle, cikin ƙasar Gure. Amma doka ba ta zama a zauren da ake karɓar goron baiko. Uba ne ke zaune a wurin, da kawu, da gwaggo. Ba aure nake kushewa ba, aure sunna ne. Abin da nake cewa shi ne, yarinyar da mushenta ya shaida tana cin lissafi, a yi mata haƙurin shekara uku ko huɗu. Mijin da ba zai iya jiranta ba, da ma ba zai bar ta ta yi aiki ba.

Kada ku ɗauka a ƙasarmu kaɗai mata suka ƙaranta a wannan fanni. A duniya baki ɗaya, cikin matuƙa jirgi 100, kimanin 5 ne mata. Har a ƙasashen da suka ƙera jirgin, an daɗe ana cewa aikin na wasu ne ban da wasu. A Amurka an yi wata baƙar fata mai suna Bessie Coleman, an haife ta a 1892 a jihar Tekzas, iyayenta manoman auduga ne a gonar wani. Da ƙafa take tafiya kilomita 6 zuwa lakkwal mai ɗaki ɗaya, kuma ta fi ƴan ajinta lissafi. Da ta girma ta koma birnin Shikago tana sana'ar yankan farce. Ta nemi koyon tuƙin jirgi, duk makarantun ƙasarta suka ƙi ta, don ita mace ce kuma baƙa. Sai ta shiga karatun dare, irin wanda kuke yi, ta koyi Faransanci. Wasu baƙaƙen fata masu hali, ciki har da mai wata jarida, suka taimaka mata da kuɗi, ta hau jirgin ruwa zuwa Faransa. Ranar 15 ga Yuni 1921 ta karɓi takardar shaidar tuƙi. Burinta shi ne ta buɗe makarantar tuƙi don ƴan'uwanta, amma ta rasu cikin hatsarin jirgi a 1926 ba ta kai ga haka ba. Ku lura da abin da ya ɗauke ta: lissafin da ta riƙe tun tana ƙarama, da harshen da ta koya da dare bayan ta tashi daga aiki, da mutanen da suka sa hannu a aljihu.

A gida kuma muna da tamu. A watan Oktoba 2015, Umma Lawali, tana da shekara 28, ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgi a rundunar sojan samanmu. A 2020 ta gama horo a Amurka kan tuƙa babban jirgin ɗaukar kaya da ake kira C-130. Daga ranar nan, wanda ya ce ɗiyar Nijar ba ta iya tuƙa jirgi, gardama yake yi da abin da ido ya gani.

Mu koma ga yaronmu, mu ce Allah ya taimake shi ya ci birbe, wato BEPC, zai shiga lise. A nan akwai wata mararraba da iyaye da yawa ba su san da ita ba, kuma harafi guda ne ke raba hanya. Kun san A, kun san C, kun san D, mun rubuta su tare a allo. A lise, A fannin harsuna da adabi ne, C na lissafi da fizik, D na kimiyyar halittu da lissafi. Akwai kuma fannonin fasaha, irin waɗanda ake yi a lise ta Ɗan Kasawa a Maraɗi. Kowane fanni da amfaninsa, ni ban raina ko ɗaya ba. Amma hanyar makarantar jirgi ta fannin kimiyya ta bi. Yara da yawa suna gudun lissafi, suna zaɓen A don abokansu can suka nufa, ko don an ce masu ya fi sauƙin ci. Yaro mai shekara 16 ya yanke hukuncin rayuwarsa shi kaɗai, uban yana gona bai san an yi ba. Ku tambayi ɗanku: wane harafi ka zaɓa, kuma don mi? Ku je ku tambayi mushen lissafi ko yaron zai iya. Ko ba ku san fizik ba, kun san ɗanku.

Gaskiya kuma, ba duk laifin yaran ba ne. Akwai kwalejojin karkara da sukan yi wata da watanni ba malamin lissafi, ko kuwa malami ɗaya ya riƙe aji huɗu da darasi uku. Yaron da bai taɓa ganin ɗakin gwaje-gwaje ba, za a zaunar da shi jarrabawa ɗaya da wanda ya tashi da kwamfuta a ɗakinsa. Idan ana so a ce gasar ta adalci ce, sai an kai malaman kimiyya inda babu su, an kuma ba su abin da zai zaunar da su a can. Wannan magana ga hukuma take, kuma a gidan rediyon hukuma nake faɗinta.

Sai Ingilishi. A sama, matuƙi Balarabe da mai ba da hanya ɗan Nijar da wani matuƙin ɗan Habasha dole su ji juna, kuma harshen da duniya ta yarda a haɗu a kansa shi ne Ingilishi. Hukumar jiragen sama ta duniya, mai cibiya a Montiriyal ta Kanada, ta yi matakai 6 na iya harshen, kuma tun 2008 ta ce masu aiki da jiragen ƙasa da ƙasa sai sun kai mataki na 4. Ɗiyanmu sukan ɗauki darasin Ingilishi abin wasa. Kuskure ne. Yaran Ƙonni da Ɗan Isa da Matamai, da ke jin harshen a kasuwa da bakin ƴan'uwa na ƙetaren iyaka, suna da wata dama a nan da ɗan Yamai ba shi da ita. A Zariya ma akwai makarantar aikin jirgi tun 1964, inda ake koyar da tuƙi, kuma da Ingilishi ake karatun. Kundin da aka sa wa hannu a watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Wannan ya ɗaga darajar karatun da kuke yi, amma bai sauke wa yaro nauyin koyon sauran biyun ba. Wanda ya iya karatu sosai da harshen uwarsa, koyon na biyu da na uku yakan zo mashi da sauƙi.

Wani zai ce, to tuƙin fa? Ba zan ɓoye maku ba, shi ne mai tsada. Makarantar Yamai ba ta koyar da tuƙi. Kafin mutum ya sami izinin tuƙa jirgi don neman kuɗi sai ya yi awa 150 zuwa 200 a sama, kafin ya zama shugaban babban jirgin fasinja sai ya tara awa 1500, kuma kowace awa ta koyo man fetur ce da kuɗin malami. Wanda zai biya da kansa a ƙasashen waje, kuɗin yakan haura miliyan 30 na sefa. Ba rumbun da zai biya wannan. Hanyar ɗan talaka ita ce jarrabawar soja, ko tallafin karatu na gwamnati ko na kamfani, kuma duk waɗannan mai kyakkyawan sakamako a lissafi suke nema. Don haka ku yi hattara da ƴan damfara. Duk wanda ya zo ya ce ka sayar da sa ka ba shi kuɗi, ya san wani babba da zai sa sunan ɗanka, ɓarawo ne, ko da ya sa babbar riga.

Akwai iyayen da tsoro ne ke hana su. Sun ce jirgi in ya faɗo ba mai fita. Rai na Allah ne, amma ku ƙirga mutanen garinku da hanyar mota ta ci, tsakanin Dosso da Dogon Dutsi kawai, ku gwada da alhazan da jirgi ya kai Makka ya dawo da su shekara da shekaru. Kakanninmu da ƙafa suka bi ta Cadi da Sudan, wasu sun shekara bakwai a hanya, wasu ba su dawo ba. Ban da haka ma, yawancin ayyukan da na lissafa maku a ƙasa ake yin su, mutum ya tashi aiki ya koma gida ya ci tuwo da iyalinsa. Wasu kuma sun ce aikin yana da kwanan dare, bai dace da matar aure ba. Unguwarzoma fa? Ita ma da dare ake tashinta, kuma ba mu taɓa cewa ta zubar da mutunci ba.

Kada kuma in sa maku dogon buri. Guraben kaɗan ne, masu nema da yawa. Yaro yana iya yin duk abin da ya kamata, bai samu ba. Amma wanda ya riƙe lissafi da kimiyya da Ingilishi har bakaloreya bai yi asara ba. Jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai suna nan, hanyar likita da injiniyan ruwa da malamin gona duk ta nan ta bi. A Yamai ɗin ma akwai cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a 1974 bayan babban fari, inda ake koyon ilimin yanayi da ruwa don amfanin noma.

Ina da roƙo ga masu riƙe da wannan fanni. Sanarwar jarrabawa da Faransanci take fita, a jarida da intanet. Ƙauyen da ba jarida, ba wutar cajin salula, sai labari ya iso bayan an rufe karɓar takardu. A ba gidajen rediyo sanarwar da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, a maimaita ta kamar yadda ake maimaita sanarwar allurar rigakafi, a kuma aika wa kowane shugaban lise tun farkon shekara. Yaron Tanut ko Gure da zai zo Yamai, tafiyar kusan kilomita 1000 ce, ga kuɗin mota, ga masauki, ga kuɗin haɗa takardu. Majalisun garuruwa suna iya ɗaukar wannan nauyi ga yaro ɗaya ko biyu da suka fi ƙwazo, bai kai kuɗin walimar buɗe taro ba. Sannan muna da filayen jirgi a Damagaram da Maraɗi da Tawa da Agadas da Difa. A ware rana ɗaya a shekara a kawo ƴan kwalejin ƙauyuka, rabi maza rabi mata, su hau hasumiya, su ga na'urar auna iska, su ji muryar matuƙi a rediyo. Ma'aikatan da suka fito daga karkara kuma, idan sun zo hutu gida, su shiga ajin da suka yi karatu su ce wa yara, nan na zauna, kan wannan benci.

Kafin mu rabu, ga aikin mako. Duk jirgin da aka rubuta a ƙasarmu yana ɗauke da lamba da harafi a jikinsa, 5U, na Najeriya kuma 5N. Ku rubuta su a allo, ku nuna wa yara, ranar da kuka raka alhaji filin jirgi ku duba ku gani. Sannan ranar karatu mai zuwa kowa ya zo da takardar haifuwar ɗansa ko ɗiyarsa da ke lakkwal. Malamin cibiyarku zai taimaka ku karanta suna da rana da wata da shekara, ku gwada da abin da ke littafin makaranta. Wanda ba shi da takardar ko kaɗan ya faɗa, a rubuta sunayen, a kai wa magajin gari gaba ɗaya. Masu tambaya su aiko da wasiƙa da rubutun hannunsu, ko da layi biyu ne, za mu karanta mu amsa a shiri na gaba.

Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.